Tekun da Baba Ya Samo da Rangwame

A saman kabad ɗin falonmu akwai wani koren fayil da aka ɗaure da igiyar takalmi. Duk ranar da na je gida na ɗaga kai na gan shi sai raina ya ɓaci, kuma ba na ɓoyewa. Sau biyu ina sauko da shi da niyyar ƙyasta masa ashana, sau biyu Mama tana jin motsina daga inda take zaune ta ce in mayar da shi inda na gan shi. Fayil ɗin na Baba ne. Ba komai a ciki sai farashin tafiya zuwa bakin teku guda biyu, an jera su gefe da gefe da rula da fensir, shafi arba'in da wani abu.

Mahaifina shekara talatin da huɗu ya yi yana riƙe da sito a wani kamfanin fenti. A wurin aiki ba wanda ke kiran sa da sunansa, kowa Nawa-ne yake ce masa, har manaja. Dalili kuwa, in ka gaishe shi da sabuwar hula a kanka, kafin ya amsa zai tambaye ka nawa ka saya, a ina, kuma shago nawa ka taya kafin ka biya. Kamfanin yana da ƙa'ida cewa ba a sayen komai, ko da tsintsiya ce, sai an kawo takardar farashi daga wuri uku, duk masu kwanan wata ɗaya, wanda ya fi araha shi ya ci. Sauran ma'aikata suna barin ƙa'idar a ofis idan an tashi. Baba shi yakan sa ta a aljihu ya taho da ita gida.

Zan faɗi alherinsa tun yanzu, don kada a ce 'yarsa ta zauna ta yi masa tonon silili. Mutumin nan makullin dubban galan na fenti yana rataye a ƙugunsa, amma bangon falonmu ya yi shekara tara yana ɓamɓarewa kafin ya tara kuɗi ya sayi fenti a farashin da kowa ke saye. 'Yan kwangila sun sha aiko masa da ambulan, ya mayar ba tare da ya buɗe ba. Da albashin nan kaɗai ya karantar da ni da Yayana har muka kama aiki. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko irin ƙaramar nan da ake yi wa baƙo a ce an riga an ci abinci. Ina ƙaunar sa, kuma ina jin haushinsa har cikin ƙashina, duka biyun suna nan ba wanda ya kori wani.

Sayen takalmin makaranta a gidanmu aikin yini guda ne. Mu shiga shago na farko in gwada, ya yi mini daidai, Baba ya rubuta farashi a ɗan littafinsa mu fita. Mu taka zuwa na biyu, mu taka zuwa na uku a can ƙarshen kasuwa, sannan ya tsaya a inuwa ya yi lissafi ya gano na farkon ya fi araha. Kafin mu koma an sayar da lambata. Yaya yakan tsokani Mama ya ce ai ko ita sai da Baba ya karɓi farashi uku kafin ya auro ta, ita kuma ta yi dariya ta ce haka ne, ita ce ta fi araha. A lokacin abin dariya ne, har Baba yana murmushi a bayan jaridarsa.

Mama tela ce. Kekenta yana wani ɗan ɗaki kusa da kicin, taga ɗaya, ƙyallaye ko'ina. Abin da aka san ta da shi ido ne. Za ta kalli yadi sau ɗaya, ta tafi kasuwa ba tare da ta yanki ko ƙyalle ba, ta dawo da zaren da ya dace da shi kamar tare aka rina su. A wurinta babu wani abu wai shi shuɗi kawai, sai ta tambaye ka wanne daga ciki.

A saman keken nan akwai shafin kalanda guda ɗaya da ta sa a leda ta manna da ƙusa. Kamfanin su Baba ne ya raba kalandar wata shekara tun ina goye, don tallar wani shuɗin fenti mai lamba goma sha bakwai. Hoton wani tsibiri ne, farin yashi, itatuwan kwakwa sun sunkuya, ga ruwa mai wani irin shuɗi da ke sa mutum ya tsaya da abin da yake yi. Mama ba ta taɓa ganin teku ba. Ba mai son yawo ba ce, ba ta taɓa neman sarƙa ko mota ba. Abu ɗaya ta ce tana so, ta je ta gani da idonta ko da gaske Allah ya yi ruwa mai wannan launi, ko kuwa masu buga kalanda ne suka ƙara masa. Baba ya ce ranar da ya ajiye aiki zai kai ta. Ba mutum ne mai yin alkawari da wasa ba, har rubutawa ya yi a ɗan littafinsa ya nuna mata.

Ya ajiye aiki, aka biya shi kuɗin sallama cif. A shekarar ce kuma wata mata ta dawo wa Mama da ɗinki, ta nuna mata inda ta bi yadi mai shuɗi mai duhu da baƙin zare. Mama ta kai rigar bakin taga ta daɗe tana jujjuya ta, sannan ta ba matar haƙuri ta mayar mata da kuɗinta. Washegari na ɗauki hutu a kantin maganin da nake aiki, ni da Baba muka kai ta asibitin ido.

Likitar ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ta a ɓoye. Na hagu ya kusa tafiya, na dama kuma saura kamar mai leƙe ta cikin bututu. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu ne kawai. In rana ta take sosai za ta riƙa ganin launi, amma da gajimare ya rufe ko yamma ta yi, komai zai koma mata toka-toka. Sannan ta dubi Baba, shi ta duba ba ni ba, ta ce: "Baba, in akwai abin da take so ta gani, a kai ta ta gani bana. Kada a ce sai baɗi."

A hanyar komawa gida Baba ya tsaya ya sayi koren fayil. Ko shi sai da ya taya a shago uku muna zaune a mota muna jira.

Matar wani ofishin sayar da tikitin jirgi ta ba shi farashin tsibirin kalanda a ranar da ya je, ta ce lokacin rani ne a can, in ya biya a makon nan za su iya tashi cikin wata guda. Kuɗin da ke hannunsa sun isa, har da saura mai yawa. Wannan nake so a riƙe, domin shi ne abin da ke hana ni yafewa: tun ranar farko kuɗin sun isa. Amma Baba ya ce ta kawo masa wasu wurare biyu ya gwada. Ta ce wuri ɗaya ta sani mai kama da shi, wata gaɓar teku a wata ƙasa da ta fi kusa, ita ma da kwakwarta da yashinta. Ya ɓata mako uku yana neman na uku bai samu ba, ya haƙura da biyu yana ƙorafin cewa aikin bai cika ba. Muka raɗa musu Na Kalanda da Na Biyu.

Ni ce mai waya mai shiga intanet, don haka duk Asabar bayan azahar ni ke zama da shi a teburin falo, ina karanto masa yana rubutawa. Na Kalanda jirgi biyu ake hawa sannan kwale-kwale, Na Biyu jirgi ɗaya sai bas na awa huɗu. Masaukin Na Kalanda ya fi tsada amma da karin kumallo da abincin dare a ciki, na Na Biyu ya fi sauƙi amma ko shayi sai ka biya. Na Kalanda ba a biyan biza sai harajin fita, Na Biyu sai ka biya biza tun daga gida. Ya buɗe layi na ruwan kwalba, na wanki, na motar filin jirgi, na nauyin akwati, na canjin kuɗi. Akwai Asabar ɗin da muka yi awa guda muna neman farashin ƙwai ɗaya a tsibirin da ba mu taɓa takawa ba. Layi ashirin da uku ya tayar. Mama tana kujerar gefe da hannuwanta a cinya tana sauraro, jefi-jefi ta tambaya ko an gama.

Ba a gamawa, kuma ga dalili. Farashin jirgi kwana bakwai yake yi ya canza. Ƙa'idar Baba ta ce dole takardun biyu su zama na rana ɗaya. Kafin masaukin Na Biyu ya amso saƙo, kuɗin jirgin Na Kalanda ya motsa. Kafin a sake samo wannan, canji ya tashi. Sai ya ja layi a ƙasa, ya buɗe sabon shafi, ya fere fensir. Kowane zagaye duka biyun sun ƙara tsada a kan na baya, wannan kuma sai ya ƙara tabbatar masa cewa akwai masu shirin cutar sa. Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu, duk hawa da saukarsa, bai taɓa wuce kuɗin firji ɗaya ba.

A wata na uku da buɗe fayil Mama ta daina karɓar ɗinki. A na biyar ta lulluɓe keken da tsohon zani. A na bakwai na shiga ɗan ɗakinta na same ta a tsaye kan ƙaramar kujera, hancinta ya kusa taɓa ledar kalanda, tana karkata kai tana neman inda sauran ganin yake don ta ɗora shi a kan ruwan. Da ta ji ni sai ta ce ƙura take gogewa. Babu tsumma a hannunta.

Ranar ce na kira Yaya, muka haɗa kuɗin firjin nan tsakaninmu, muka kai wa Baba a ambulan. Yaya ya yi magana a hankali kamar yadda ya saba, ya ce ga bambancin, a rufe fayil a biya Na Kalanda gobe. Baba ya tura ambulan ɗin da ɗan yatsa ɗaya, irin turawar da yake yi wa na 'yan kwangila. Ya ce shi ya yi alkawari, shi zai cika, bai kai lalacewar da 'ya'yansa za su kai masa mata yawo ba.

"Ba kuɗin ne babu ba, Auta," in ji shi. "Ba na so a cuce ni ne."

Na ce: "Baba, kai kana tsoron a cuce ka a kuɗin ƙwai, ita kuma idonta ne ke tafiya. Wanne layi ka buɗe wa wannan?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya rufe fayil ya shige ɗaki. Mama ta yi mini faɗa sosai, ta ce ko me ya yi ubana ne, kada in ƙara. Daga baya ta gaya mini abin da ban sani ba. Lokacin da Baba yana yaro, mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka sayar da gonarsu cikin kwana biyu a rabin kuɗinta, tsohon kuma bai tashi ba. Tun daga nan duk abin da aka ce masa a yi da sauri, sai ya ji ƙamshin cuta. Na ji tausayin yaron nan, amma ban ga abin da ya haɗa gonar kakana da idon uwata ba, kuma har yau ban gani ba. Mako biyu Baba bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. A Asabar ta uku ya aiko a kira ni, wai canji ya sauka, a sake lissafi. Na je, don in ban je ba abin zai tsaya gaba ɗaya.

A wata na goma sha ɗaya saƙo ya shigo daga matar ofishin tikiti. Masaukin Na Biyu ya yi rangwame, kusan rabi, har da karin kumallo kyauta, ga wanda zai zo a wata mai kamawa. Ina karantawa da ƙarfi, Baba yana rubutawa. Na gangaro ƙasa na iske wasu layuka da ƙananan haruffa. An rubuta cewa watan tsakiyar damina ne a can, ruwa kusan kullum, sama a rufe, kuma kogin da ke kusa yakan kwararo da laka ya gurɓata tekun.

Na tsaya. Na dubi Baba, na ga a karon farko cikin wata goma sha ɗaya ya ɗauki jan biro maimakon fensir. Na san in na karanta layukan nan zai buɗe layi na ashirin da huɗu, ya sa mu nemo yawan ruwan sama na shekara goma a wurare biyu, mu ƙara wata uku. Na ce a raina damina ai ba ta hana rana leƙowa, cikin kwana biyar ba za a rasa yini ɗaya ba. Na tsallake, na ci gaba da karanta zancen karin kumallo.

Baba ya ja jan layi biyu a ƙarƙashin Na Biyu, ya jingina da kujera ya ce wa Mama ta gani ko, amfanin rashin gaggawa ke nan. Washegari ya biya, ya karɓo takardar a buge ya sa a fayil. Ni na biya nawa tikitin da kaina don in riƙa kama mata hannu, wannan bai hana ba tunda ba ya cikin alkawarinsa.

Mama ta fito da wata riga daga ƙasan akwati, shuɗiya, wadda ta ɗinka wa kanta shekaru da suka wuce ta ajiye domin wannan tafiya. Ita ta zaɓi yadin da kalandar a ka. A jirgi ta riƙe hannuna tana ta addu'a, amma fuskarta kamar ta yarinya.

Mun sauka cikin ruwa. Bas ɗin awa huɗu ya yi awa bakwai saboda hanya ta cika. Masaukin yana da kyau, ba zan yi musu ƙage ba, sai dai mu kaɗai ne a ciki da wasu ma'aurata biyu da ba sa fitowa. An kife kujerun bakin ruwa an ɗora wasu kan wasu, an naɗe manyan laimomi an ɗaure da igiya. Da safe na buɗe labule na ga teku a karon farko a rayuwata. Launinsa irin na ruwan da aka gama wanki da shi ne, sama ma haka, ba ka sanin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ni mai ido biyu ke nan.

Kwana ɗaya ruwa, kwana biyu ruwa. Mai kawo mana shayi, mutumin kirki, ya ce mana da mun zo nan da wata huɗu da mun ga abin mamaki. Na tambaye shi Na Kalanda fa, ya ce can ai yanzu ne suke tsakiyar rani, shi ya sa suke tsada. A rana ta uku Baba ya ɗauki fayil ya nufi ofishin manaja, na bi shi. Ya baje takardu ya fara bayanin cewa an sayar masa da abin da ba shi ya saya ba. Manajan ya saurare shi da ladabi, ya ɗauki takardar da Baba da kansa ya kawo, ya sa yatsa a kan ƙananan layukan nan. Baba ya gyara tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Takardar ta yi wata guda a fayil ɗinsa, ya bi kowace lamba da ke kanta da biro.

"Lambobin kawai na duba," in ji shi, ba da manajan yake ba, ba da ni ba. Ya tattara takardunsa muka fito. Bai tambaye ni ko na gani ba, ni kuma ban gaya masa ba.

A rana ta huɗu wajen la'asar ruwan ya ɗauke. Rana ba ta fito ba, ɗaukewa kawai ya yi. Mama ta ce a sa mata shuɗiyar rigar. Muka riƙe ta, ni a dama Baba a hagu, muka taka jiƙaƙƙen yashi har inda ruwa ke zuwa ya koma. Ta cire takalmi ta shiga zuwa idon sawu. Ta ce sanyi gare shi, ta ce ƙararsa ta fi yadda ta zata, ta ɗebo da hannu ta ɗanɗana ta tofar tana dariya. Sannan ta miƙe ta fara karkata kai, hagu, dama, sama kaɗan, tana neman inda za ta ɗora ɗan ganin da ya rage. Ta daɗe tana yi. Ta tambaye ni daga ina ruwan ya fara, na kama hannunta na nuna mata. Ta ce to.

Sai ta juya wajen Baba ta ce: "Baban yara, kai ka san launi. Wane iri ne?"

Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana bambance fenti da lamba ya tsaya yana kallon ruwan wankin nan. Ya ce: "Shuɗi ne. Lamba goma sha bakwai, irin na kalanda sak."

Igiyar ruwa ta zo ta jiƙa wa Mama gefen riga ta koma. Ta ce: "Shekara arba'in ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ka fara yau a kan abin da ka samo da rangwame."

Ta nemi takalminta da ƙafa, na sunkuya na sa mata. Muka koma ɗaki, kafin mu kai an sake tsugewa da ruwa.

Rarar kuɗin da Baba ya yi tana nan a ambulan, ba wanda ya taɓa ta, firjinmu ma lafiyarsa ƙalau. Wata uku da dawowarmu idon dama ya rufe. Ba a rana ɗaya ba, a hankali, har wata safiya ta tambaya ko an kawo wuta alhali taga a buɗe take rana ta cika ɗaki.

A makon ne Baba ya sauko da fayil ya buɗe sabon shafi. Wannan karon bai ja layi a tsakiya ba, Na Kalanda kaɗai ya rubuta. Ya je ya durƙusa gaban kujerarta, abin da ban taɓa gani ba, ya ce ya yi magana da matar ofishin tikiti, ko nawa ne zai biya, ba zai taya ba, su tashi a makon gobe. Mama ta lalubo kansa ta dafa. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta ce ya bar kuɗinsa, yanzu ko baho ya cika da ruwa ya zuba gishiri ya kaɗa mata da hannu duk ɗaya ne a wurinta, kuma ya fi araha.

Tun daga ranar Baba ya daina taya kaya. Shagon farko yake shiga ya biya abin da aka ce ya fito, 'yan kasuwa sun gano shi suna ta yi masa tsada. Tsofaffin abokan aikinsa in sun kira shi Nawa-ne ba ya juyowa. Shi ke ɗiga mata maganin da ba ya ƙara komai, shi ke jera mata kaya a inda hannunta zai same su. Mutane suna cewa kai, wannan bawan Allah akwai kula da iyali. Ni in na ji sai in tashi daga wurin, don na san bakina.

Na yi shekara guda ina ɗauke da nawa kason. Ina jin haushin Baba a fili, ina jin haushin kaina a ɓoye, na ɓoyen kuma ya fi ci. Wata Asabar Baba ya fita, ina yanke wa Mama farce a falo, na ce mata akwai abin da zan faɗa. Na gaya mata na ga zancen daminar tun ranar da saƙon ya zo, na tsallake da gangan.

Ba ta janye hannunta ba. Ta ce: "Na sani. Ina jin ki. Kin ja numfashi, kin yi shiru, sannan kika koma kan karin kumallo da wata murya."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba.

"Na gaji da zama a cikin fayil, Auta. Na ce ko wane iri ne, a kai ni."

Na ajiye abin yanke farcen na tashi na janyo kujera zuwa gaban kabad. Wannan ne karo na biyu da na sauko da shi, ashana tana hannuna. Ta ji ƙarar kujerar, ta ji igiyar takalmin tana kwancewa, ta ce in mayar. Na ce Mama me za a yi da shi, me ya rage a ciki da bai ci ba.

Ta juyo da fuskarta daidai inda nake tsaye, ta ce: "Mayar masa. Shi da yake da ido, bar masa abin kallo."